Shafin da Kawu Ya Ce Bai Zauna Ba

Ranar Alhamis da hantsi Allah ya yi wa Kawu rasuwa, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Wanda ya ba mu shi ne ya karɓi abinsa, mu ma muna kan hanya. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabari.

An kafa rumfa a ƙofar gidanmu da ke unguwar Wadata a Yamai, ta toshe layin gaba ɗaya. Masu turin amalanke da ke bi ta nan da buhunan albasa sai da suka riƙa zagayawa ta bayan masallaci, ban kuwa ji wanda ya yi ƙorafi ba. Wasu ma sun jingine amalanken sun tsuguna an yi addu'a da su. Telolin layinmu suka lulluɓe kekunansu har kwana uku. Dangin Inna, matar Kawu, suka yi ta hauro gada daga unguwar Lamorde da ke tsallaken kogi, taksi bayan taksi, kowace ta shigo tsakar gida sai ta ce, "Fonda tilas," gaisuwar rashi a yarensu, Inna ta ɗago kai ta amsa, ta sake sunkuyawa.

Tsofaffin da suka yi aikin maɗaba'a tare da shi sun shigo zaure gaishe ta. Ɗayansu, wani dogo mai sanda, ya ce, "Ni katin aurena sau uku ya wargaza shi ya sake jerawa, wai sunan amarya ya karkata. Saura kaɗan a ɗaura aure ba kati." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Shi ma ya fara dariyar, sai ta rikiɗe masa, ya rufe fuska da hannun riga, aka kama shi aka fita da shi.

Ran sadakar uku Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta same ni a bayan ɗakin girki ina cin dambu, ci na gaske. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ke wace irin zuciya gare ki? Mutumin da ya riƙe ki shekara da shekaru, ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, kina nan kina tanɗe hannu?"

Ban ba ta amsa ba, don bakina cike yake, kuma amsar tana da tsawo. Na yi kuka, Allah ya sani. Amma in zan faɗi gaskiya, abin da ya fi yawa a ƙirjina a kwanakin nan sauƙi ne. Wata biyu da ƴan kwanaki na yi ina ɗauke da wata magana da na faɗa wa Kawu a gaban mutane, ina tsoron kada ya tafi ya bar ta a tsakaninmu. Wannan rubutun shi ne amsar da ban ba Gwaggo ba, kuma ina so a san irin mutumin da aka binne.

Kawu wan mahaifiyata ne. Da ƙuruciya ya baro Dogon Dutsi ya zo Yamai, ya samu shara a wata maɗaba'a da ke unguwar Maurey, daga shara ya koyi jera haruffa. A lokacin kowane harafi ɗan guntun ƙarfe ne, da hannu ake tsinto shi daga akwati a jera, layi bayan layi, har shafi ya cika, a ɗaure shi tamau a kai wa inji. Ya tsufa a kan wannan aikin. Da kwamfuta ta shigo aka ture tsofaffin injuna gefe, ya ƙara ƴan shekaru yana duba kurakurai, sannan ya dawo gida. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini.

Aikin bai bar shi ba ko da ya bar aikin. In ya shiga gidan mutane ya ga kalanda a karkace, sai ya miƙe ta kafin ya gama gaisuwa. Shiga taksi da shi kuwa azaba ce, don allon kowane shago sai ya karanta ya yanke masa hukunci. Akwai telan da ke kusa da mu da ya sa aka yi masa sabon allo, mai fentin ya fara da manyan haruffa yana taƙama, da ya ga katako zai ƙare sai ya matse sauran kamar fasinjojin kujerar baya. Sati guda Kawu yana bin wata hanya zuwa masallaci don kada ya gani. A ƙarshe ya kasa haƙuri, ya je ya sa aka sauko da allon, ya auna da zare, ya ɗiga alli inda kowane harafi zai tsaya. Mai fentin ya yi fushi ya ce, "Baba, ni ne mai sana'a ko kai?" Kawu ya ce, "Kai ne mai fenti. Ni ina ta awo." Daga baya mutumin nan duk allon da aka ba shi sai ya biyo ta gidanmu da shi.

Ni karatu ya kawo ni gidansa. Na gama jami'a, na yi ta yawo da takardu ba a dace ba, sai na shiga wani gajeren kwas na gina shafukan intanet. Wata uku aka koya mana, aka sallame mu, kowa ya je ya ƙarasa da kansa. Na kafa ɗan tebur a gindin bishiyar tsakar gida, kusa da kujerar Kawu, nan nake wuni.

Wanda bai taɓa wannan aikin ba ba zai gane baƙin cikinsa ba. Rubutun da hotunan ba su da wuya. Wahalar tana wajen fayil ɗin da ke gaya wa kowane abu inda zai zauna da yadda zai fito, wanda ake kira CSS. Ka ce hoto ya tsaya a tsakiya, ya tafi hagu. Ka jawo shi, rubutun ƙasa ya haura sama. Ka gyara a kwamfuta, ka buɗe a waya, ka tarar rabin shafin ya fice ta dama sai an ja shi da yatsa. Ni kuma ga gajen haƙuri. In abu ya ƙi, sai in hau canza lambobi barkatai, goma ta koma ashirin, ashirin ta koma hamsin, har in manta yadda abin yake tun farko.

Wata rana akwatuna uku nake so su jeru gefe da gefe. Na raba faɗin shafi uku daidai, na ba kowanne kasonsa, amma na ukun ya ƙi zama a layi, kullum sai ya faɗo ƙasa. Tun safe nake fama har azahar ta wuce. Na buga tebur.

"Uwata, mi ya samu ordinater ɗin, ko ke mi ya same ki?" Haka yake kiran kwamfuta.

Na yi masa bayani a gajarce, irin bayanin da ake yi wa wanda aka tabbata ba zai gane ba. Ya saurara yana kaɗa kai.

"Kin ce kin raba uku daidai."

"Daidai, Kawu."

"To kin ƙirga fari?"

"Wane fari?"

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani tsohon gwangwanin madara da na sha gani a kan tagarsa. Ya zazzage a tafin hannu, ya zaɓo wani ɗan ƙarfe mai sulɓi, ya ɗora mini a hannu.

"Wanga mi ya rubuta?"

Na jujjuya shi. "Ba komai a jikinsa."

"Ba komai. Amma kin ji nauyinsa? Mu can, duk inda kin ka ga fari a takarda, ƙarfe ne mun ka sa. Tsakanin kalma da kalma, ƙarfe. Gefen shafi, ƙarfe. In ba ki ƙirga shi ba, layi ba ya shiga."

Na koma kan fayil ɗin. Kowane akwati na sa masa ɗan fili a ciki don kada rubutu ya manne da gefe, na kuma sa masa siririn layi a kewaye, kuma duk wannan ƙari ne a kan faɗin da na ba shi. Uku ɗin sun fi ƙarfin shafin da ɗan kaɗan, shi ya sa na ƙarshe yake faɗowa. Na gyara layi ɗaya, akwatunan suka jeru. Na yi shewa har Inna ta leƙo daga ɗakin girki da muciya a hannu. Kawu ya mayar da ƙarafunansa gwangwani ɗaya bayan ɗaya.

Daga ranar ya zama abokin aikina, mutumin da bai san inda ake kunna kwamfuta ba. Shi ya ce in zagaye kowane abu da jan layi in ga iyakarsa, kamar yadda suke yi da jan biro a takardar gwaji. "Mai laifi shina ɓoye ne don ba a ga gefensa ba," in ji shi. Da na yi, nan take na ga hoton da ke tura shafi waje. Sai daga baya na gano ƙwararrun ma haka suke yi. Shi ya hana ni taɓa abu biyu a lokaci guda. In na kai hannu zan canza na biyu, sai ya ɗan buga ƙafar tebur da sandarsa: "Guda. Duba. Sannan guda." Wata rana kuma ya ɗauki kwamfutar cak ya juya ta ƙasa a sama, raina ya kusa fita. Ya ce in ina karanta magana ba zan ga shafi ba, in kalle shi a juye in ga wane gefe ya fi nauyi. Na kalla, gefen hagu ya fi.

Akwai yammacin da na canza launin rubutu sau ya fi goma, shafi ko gezau. Na zagi kwamfutar, na zagi wanda ya ƙirƙiro ta. Ashe kwafi biyu nake da su na fayil ɗin, ina ta gyara wanda shafin bai san da zamansa ba. Da na gaya wa Kawu ya yi dariya har da tari. Ya ce su ma sun taɓa wuni suna gyara shafi, aka ɗauki tsohon aka ɗora a inji, aka buga dami guda da kuskuren a ciki. "Wautar ɗaya ce, Uwata. Ke dai taki ba ta cin takarda."

Kawu yana da ciwon sukari, kuma yana cikin wata ƙungiya ta masu ciwon, yawancinsu tsofaffi. Likita yana zuwa duba su sau ɗaya a mako a wani ɗaki da aka ba su, sai dai ranar tana canzawa, wani makon Talata, wani makon Laraba ko Alhamis. Mutane kan sha rana su zo su tarar ba ranar ba ce. Shugaban ƙungiyar ya ce a yi shafi da kowa zai buɗe a wayarsa ya ga ranar. Kawu ya miƙe a taro ya ce akwai mai yi a gidansa, shi ya tsaya mata. Shi ne aikina na farko da wani zai yi amfani da shi.

Na zuba duk abin da na koya. A sama na yi akwatin sanarwa, layi huɗu, na ƙarshe shi ne rana da lokaci. A ƙarƙashinsa hoton ƙofar ɗakin. Na auna akwatin na yanke masa tsayi cif, ba ƙari ba ragi, don ya fito tsaf. Kawu ne ya koya mini son awo, ni kuma na wuce gona da iri.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a nan. Idon Kawu ya daɗe yana tafiya, ciwon ne yake cinsa. Duk gidan mun sani, ba mai furtawa. Inna in ta kawo shayi sai ta sa kofin ya taɓa bayan hannunsa, kamar da kuskure. Jarida kuwa yana saya har lokacin, ya buɗe ta a gabansa, amma rediyo ne ke ba shi labari. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana hango harafin da ya kife a cikin dubu, ba wanda yake da zuciyar gaya masa.

Ranar nuna aiki, ƴan kwamitin ƙungiyar suka zo gidanmu bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarmi. Na miƙa wayata tana zagayawa, kowa ya gyara tabarau ya ce madalla. Shugaba ya buɗe a tasa, ya ce kamar na ƙasar waje. Kaina ya kumbura. Kawu kuma ya ciro tasa wayar, aka buɗe masa, ya kai ta dab da hanci ya daɗe.

"Uwata, wanga shafi bai zauna ba."

"Ina, Kawu?"

"Rubutu ya zubo. Ranar ta shige ƙarƙashin hoto, ba a ganinta."

Na duba wayata, lafiya lau. Na duba ta shugaba, na duba ta mutum na uku, lafiya lau. Kawu ya miƙo mini tasa. Ina ganin hannun nan har yau, a miƙe. Ban karɓa ba. Haushi ne ya cika ni, a ce yau ɗaya da ake yabona, shi ne zai nemo aibi a gaban baƙi.

Na ce, "Kawu, shafi lafiya lau yake. Idonka ne. Kowa a gidan nan ya sani, kai kaɗai ne ba ka yarda ba."

Shugaba ya hau gyaran hula. Kawu ya janye hannunsa a hankali, ya sa wayar a aljihu, ya ce, "To." Sannan ya juya ya tambayi baƙi ko a ƙaro shayi.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. In na gaishe shi yana amsawa, har ya tambayi kwanana. Sai dai washegari ya sa aka fitar da kujerarsa ƙofar gida, can ya koma wuni. Inna ta same ni ta ce, "Ke, wannan magana da kika faɗa, ko ni da na zauna da shi shekara arba'in ban faɗa ba. Tashi ki je ki ba shi haƙuri." Na ce ai gaskiya na faɗa. Ta ce, "Gaskiya? To ki dafa ta ki ci."

Taurin kai gadon gidanmu ne, ni kuma na samu kaso babba. Maimakon in tsuguna, sai na shiga neman shaida. Duk wanda ya shigo gidan sai na karɓi wayarsa na buɗe shafin. Na je kasuwa wajen masu gyaran waya na gwada a kan tsofaffi da sababbi, manya da ƙanana. Ko'ina shafin yana zaune daram. Kowace waya a Wadata na gwada, ban da guda ɗaya da ke aljihun mutumin da ke ƙofar gidanmu. Ina cin nasara, abinci kuma ya daina yi mini daɗi. In abu ya karye mini a aiki sai in juya gefen da kujerar take, in tarar da shatin ƙafafunta kawai a ƙasa.

Ana haka wani ɗan ciwo ya fito masa a ƙafa ya ƙi warkewa, ya kwantar da shi. Aka je asibiti aka dawo, aka sake komawa. Jiki ya yi ta raguwa. Ina shiga in yi masa sannu daga bakin ƙofa in fito.

Wata safiya Inna ta kawo mini wayarsa, wai ta daina ƙara in an kira. Na karɓa na kunna. Sai na ga haruffan da ban taɓa ganin irinsu a waya ba, kalma uku sun cika fuskar. Ashe ya je shi kaɗai wajen mai gyara, an ƙara masa girman rubutu har ƙarshen abin da wayar za ta iya, bai gaya wa kowa ba. Na buɗe shafin ƙungiya. Haruffan sun kumbura, akwatin da na yanke wa tsayi ya ƙi kumbura tare da su, layi biyu na ƙasa sun zubo waje. Rana da lokaci suna can ƙarƙashin hoton ƙofa, kan haruffan kawai ke leƙowa. Kamar yadda ya faɗa, ba ƙari ba ragi.

Na zauna a ƙasa. Na tuna su waye ƴan ƙungiyar nan: tsofaffi masu ciwon da ke cin ido. Ko nawa ne a cikinsu aka ƙara wa girman rubutu? Ba wanda ya kawo ƙara, kuma na san dalili. Kowannensu ya buɗe ya ga kwamacala, ya ɗauka idonsa ne, ya yi shiru. Mutum ɗaya ne ya san shafi sosai har ya iya cewa laifin shafin ne, shi kuma na rufe masa baki.

Gyaran bai kai awa guda ba. Na cire tsayin da na ƙayyade, na bar akwatin ya miƙe gwargwadon abin da ke cikinsa. Filayen da ke tsakani na daina auna su da ɗigon fuskar waya, na koma auna su da girman harafi, in harafi ya girma su ma su girma. Na ɗauko rana da lokaci na kai su layin farko. Na gwada a wayarsa, na gwada a tawa.

Ban haƙurin kuwa sai da ya ci kwana tara. Kunya ce, ba wani abu ba. Kullum in shirya maganar a bakina, in kai ƙofa, in ce sannu Kawu, in juyo. A rana ta tara Inna ta fito da kwanon kunu yadda ta shiga da shi, ta dube ni ta ce, "Yau ko cokali uku bai sha ba. Ni ban san abin da kike jira ba." Na ɗauki wayarsa na shiga.

La'asar ce, an jingina shi da filo biyu. Na durƙusa a gefen gadon.

"Kawu, na zo neman gafara. Na buɗe shafin a wayarka. Gaskiyarka ce, bai zauna ba. Laifina ne, kuma abin da na faɗa a gaban mutane…"

Kuka ya ci ƙarfina. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya buɗe tafin hannu.

"Kin gyara?"

"Na gyara."

"Kawo."

Ya kai wayar dab da hanci. Da babban yatsa yake turawa, kaɗan-kaɗan, leɓɓansa suna motsi. Ya kai ƙasa, ya dawo sama, ya sake sauka. Ni dai ina durƙushe. Ya tambaye ni me na yi, na gaya masa na koma awo da harafi. Ya ce ai su ma can da harafi suke awo, da na tambaya da ya gaya mini.

Can ya ce, "Ya zauna." Ya sauke numfashi. "Alhamdu lillahi. Na huta da kiran tsofaffi."

"Wane kira, Kawu?"

Inna ce ta amsa daga bakin ƙofa. Ashe tun makon da abin ya faru, kowace Litinin sai ya tambayi shugaba ranar zuwan likita, ya zauna ya kira duk waɗanda ya san idonsu ya yi rauni, ɗaya bayan ɗaya, ya gaya musu. A ƙofar gida yake yi don kada in ji. Da ya kwanta ma bai fasa ba, shi ya sa hankalinsa ya tashi da wayar ta daina ƙara.

"Ni na tsaya miki," in ji shi. "In wani ya sha rana a banza, sunanki za a kira."

Na ce, "Ka yafe mini, Kawu?"

"Ke? Tun ranar, kafin shayi ya huce. Uwa ake riƙewa a zuci? Shafin ne ban yafe wa ba. Kuma ba ki yi ƙarya ba, idon ya tafi. Amma ki riƙa karɓar abin da an ka miƙo miki, ko da makaho ne ya miƙo."

Ranar ya sha rabin kwanon kunu, ni na riƙe masa. Kwana huɗu muka ƙara tare, na dawo da teburina ɗakinsa, ina aiki yana gyangyaɗi, in ya farka ya tambayi me ya karye yau. A na biyar ya tafi.

Makon da ya biyo baya shugaba ya aiko mini cewa likita Laraba zai zo, ba Talata ba kamar makonni biyu da suka wuce. Na sa a shafi. Litinin ta zo ta wuce, ba wanda ya kira kowa. Na so in ɗauki wayar Kawu in bi lambobin, na kasa taɓa ta.

Ran Laraba da safe na hau taksi na tafi ɗakin ƙungiyar, ban taɓa zuwa ba sai hotonsa da na sani. Ina tafe ina lissafin mutum nawa suka zo jiya suka koma. Da na sauka na tarar da bencin ƙofa cike, har wasu sun shimfiɗa buzu a ƙasa. Na gaishe su, suka yi mini gaisuwar rashi. Na tambayi wani tsoho mai tabarau masu kauri wa ya gaya musu yau ne.

"Ba kowa, ɗiyata." Ya laluba aljihu ya ciro waya, ya kai ta dab da fuska. "Ga shi nan rubuce. Laraba, ƙarfe takwas. Da ina cewa idona ne ya ƙare, ashe da saura."

Ya matsa gefe, na kusa da shi ma ya matsa, suka buɗe wuri a ƙarshen bencin wajen inuwa.

"Zauna nan," ya ce. "Nan kawunki yake zama."

Na zauna har aka kira mutum na ƙarshe. Allah ya jiƙan Kawu, ya mayar masa da ganinsa a inda ya tafi.